Bindigar tausa ta Theragun Prime da tsamin jikin sabon mai ɗaga ƙarfe

Tsamin jiki ba a ranar farko yake kama mutum ba. Sabon mai ɗaga ƙarfe zai yi tsugunne-tashi da ƙarfe a kafaɗa ranar Litinin, ya koma gida garau, har ya ce ashe abin ba wuya. Talata da safe cinyoyi sun ɗan yi nauyi. Laraba kuwa sai ya dafa bango kafin ya sauko daga matakala, in zai zauna sai dai ya saki jiki ya faɗa kan kujera, hannun da ya ɗaga dambel, wato ƙaramin ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, ya ƙi miƙewa in zai zura riga. A wannan Larabar ce yawancin mutane ke fara neman bindigar tausa, wato na'urar hannu mai batir da ke bubbuga tsoka da sauri, kuma Theragun Prime tana cikin sunayen da suke fara cin karo da su.

A ganina na'ura ce mai inganci, tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, tana sassauta taurin tsoka har mutum ya iya motsi. Amma ba ta ɗinke tsokar da ta wahala, ba ta kuma mayar da jinyar kwana biyar ta koma ta kwana ɗaya. Wanda ya saye ta da wannan sani zai ji daɗinta. Wanda ya saye ta don ya ci gaba da zuba wa jikinsa nauyin da bai shirya masa ba, zai iya cutar da kansa da ita.

Kafin a auna aikinta sai an san ciwon da ake so ta magance. Wani masanin aikin jiki a Amurka, Theodore Hough, ya bayyana wannan tsami tun 1902, ya danganta shi da 'yan ƙananan yagewa a cikin tsoka. Yakan fara tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan atisaye, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ya tafi da kansa cikin kwana 5 zuwa 7. Abin da ya fi haifar da shi shi ne lokacin da tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi: saukar da ƙarfe zuwa ƙirji, tafiya ƙasa a tsugunne, sauke dambel bayan an naɗe hannu. A nan ne zaruruwan tsoka suke aikin birki, kaɗan daga cikinsu su ɗauki nauyi mai yawa, wasu su ɗan ɓare. Daga nan jiki ya tura ruwa da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, kumburi ya taru a hankali, jijiyoyin jin zafi da ke cikin tsokar da tantanin da ya lulluɓe ta su ƙara saurin amsawa. Shi ya sa zafin ke jinkiri, shi ya sa kuma saukowa daga bene ya fi hawansa ciwo.

Maganar da ake yawan yi cewa sinadarin laktik ne ya taru ya daskare a tsoka, kuma tausa ce ke farfasa shi, ba gaskiya ba ce. Laktik yakan koma yadda yake a jini cikin kamar awa ɗaya bayan an gama atisaye, tun kafin tsamin ya fara. Duk mai sayar da na'ura da ya ce tasa tana korar laktik daga cinyar da ta yi tsami kwana biyu, yana sayar da labari ne.

Samfurin Prime da kamfanin Therabody ya fitar a 2020 nauyinsa kusan kilo ɗaya ne. Kan na'urar yana shiga ya fita tsawon milimita 16 a kowane bugu, gudunta kuma mataki biyar ne, daga bugu 1750 a minti zuwa 2400, wato daga kusan 29 a sakan zuwa 40. Injinta yana jure dannawa har kusan kilo 13 da rabi kafin ya tsaya. Batirin a ciki yake, ba a cire shi a sauya, kamfanin kuma ya ce yana kai minti 120 a caji ɗaya. Ga mai amfani da ita minti goma a rana, caji ba zai zama abin damuwa ba.

Daga cikin waɗannan lambobi, milimita 16 ɗin nan ita ce ta fi muhimmanci. Ƙananan bindigogi da yawa bugunsu gajere ne, saurinsu ne kawai ya yi yawa, don haka abin da ake ji karkarwa ce a saman fata. Prime duka take yi wanda ake ji a cikin nama. A kan tsoka mai kauri irin ta mazaunai da gaban cinya wannan abin so ne. A kan tsokar da ta yi tsami sosai kuwa, ko jikin da ba shi da nama da yawa, zurfin bugun yana iya wuce kima ko da a mataki na ɗaya. Wannan shi ne babban aibinta ga sabon shiga: ba a rage zurfin, sauri kawai ake ragewa, kuma matakinta na ƙasa ma ba mai laushi ba ne. Mafita ita ce a sa kai mai laushi kuma kada a danna ko kaɗan.

Mariƙinta mai kusurwa uku ya cancanci yabo. Ana iya kama shi ta ɓangarori daban-daban, don haka kaiwa bayan cinya, mazaunai da saman kafaɗa ba ya murɗa wuyan hannu kamar yadda masu mariƙi miƙaƙƙe ke yi. Tsakiyar baya, tsakanin allunan kafaɗa, yana nan da wuyar kaiwa sai da taimakon wani, domin hannun Prime ba ya juyawa kamar na babbar yayarta Pro. Kilo ɗaya kuma ba komai ba ne a ido, amma wanda damatsansa suka yi tsami zai ji shi bayan minti biyu yana riƙe da ita sama da kafaɗa. Ƙararta ta ragu sosai idan aka kwatanta da tsofaffin samfuran kamfanin, sai dai har yanzu wanda ke barci a gefenka zai ji ta. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, manhajar kuma tana nuna inda za a sa da tsawon lokaci. Tana da amfani a makon farko, bayan nan ba lallai ba ce.

Kawuna huɗu take zuwa da su. Akwai mai faɗi mai laushi, wanda shi ya kamata sabon mai ɗaga ƙarfe ya zauna a kansa duk lokacin da jiki ya yi tsami. Akwai ƙwallo, na manyan tsokoki idan ba su da ciwo sosai. Akwai mai siffar babban yatsa, da kuma mai tsini. Waɗannan biyun na ƙarshe suna tattara duk ƙarfin bugun a wuri ɗan ƙarami, kuma ba su da aiki a kan cinyar da ta kwana biyu tana zogi. A ajiye su tukuna.

Yadda ake amfani da ita ya fi sunan kamfanin tasiri. A kunna ta kafin ta taɓa jiki, a mataki na ɗaya. A ɗora ta a kan naman, a bar nauyinta kawai ya yi aiki, a ja ta a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a sakan, ana bin tsawon tsokar. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa ga kowace tsoka. Tsokar ta kasance a sake: gaban cinya a zaune da ƙafa a miƙe, sha-raɓa a zaune da gwiwa a lanƙwashe, ƙirji a kwance. Idan mutum ya ga yana riƙe numfashi ko yana cije leɓe, ko tsokar tana ɗaurewa don kare kanta, ƙarfin ya yi yawa. In an auna zafi daga ɗaya zuwa goma, kada ya wuce uku ko huɗu.

A gaban cinya a fara daga kamar faɗin yatsu huɗu sama da ƙoƙon gwiwa, a hau zuwa ƙasa da matsematsi, a dawo, sannan a ɗan karkata zuwa gefen waje inda tsamin tsugunne ya fi zama. A bayan cinya a tsaya kafin a kai ramin bayan gwiwa, domin manyan jijiyoyin jini da na ji suna kusa da fata a wurin. A sha-raɓa a zauna a kan naman, kada a sauka kan agara, kada kuma a zagayo kan ƙashin ƙwauri. A ƙirji, bayan tura ƙarfe a kan benci, tsamin yakan taru kusa da inda tsokar ta nufi hammata. Nan za a bi da kai mai laushi, a kauce wa ƙashin wuya da cikin hammatar. A damtse a yi sakan 30 zuwa minti ɗaya a tsakiyar naman, a bar cikin gwiwar hannu. A baya a bi layin naman da ke gefen ƙashin baya hagu da dama, ba kan ƙashin ba, kuma ba a kan ƙasan haƙarƙari inda ƙoda take ba.

Wuya ta gaba da ta gefe ba wurin wannan na'ura ba ne sam. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan suka bi, kuma likitoci sun ba da rahoton yagewar irin wannan jijiya bayan an yi ta buga bindigar tausa a wuya. Mai ciwon ƙeya ya tsaya a naman saman kafaɗa. Haka nan mai shan maganin tsinka jini, da mai kumburarrun jijiyoyin ƙafa, da wanda ake zargin jini ya daskare masa a ƙafa, da mai raunin ƙashi, da wanda ciwon sukari ya rage masa ji a ƙafa, da mai juna biyu, duk su tambayi likita kafin su fara. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura, ta yi ɗumi, tana zafi ba tare da ɗayar ba, ba ta buƙatar tausa. Asibiti take buƙata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a wuri ɗaya. Mutum ya sami inda ya fi zafi, ya kafa kai mai tsini, ya danna da hannu biyu na minti biyar yana ganin gyara yake yi. Washegari wurin ya yi baƙi, zafin ya ninka, domin an ƙara rauni a kan rauni. Idan an haɗu da wuri mai tauri, sakan 10 zuwa 15 ya isa, a wuce, in ana so a dawo daga baya. Na biyu shi ne buga ƙashi: na'urar za ta yi tsalle ta kuɓuce daga hannu, kuma wannan tsallen alama ce cewa an bar nama.

Me ake samu idan an yi daidai? Sauƙi na gaske, amma gajere. Bugun yana cika jijiyoyin fata da na tsoka da saƙon taɓawa, har saƙon zafi ya ragu, kamar yadda mutum ke murza gwiwar hannu idan ya buge ta da ƙofa. Jini yana ƙara gudana a wurin, taurin ya sassauta, matakala ta yi sauƙin sauka na wasu mintuna ko 'yan awanni. Wani bincike da aka yi a jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya a 2020, da bindigar wani kamfani daban, ya nuna cewa minti biyar a kan sha-raɓa ya ƙara lanƙwasuwar idon sawu da kusan digiri biyar ba tare da ƙarfin tsokar ya ragu ba. Wannan ya dace da abin da na'urar ta fi iyawa, wato ta buɗe motsi kafin atisaye. Wani babban nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya sa tausa a kan gaba cikin hanyoyin rage tsamin jiki, sai dai tausar hannu ce aka fi gwadawa a cikinsa. Binciken da aka yi a kan bindigogin kansu ƙanana ne, kuma ba su nuna cewa ƙarfin tsoka yana dawowa da wuri saboda su ba.

Dole a kwatanta ta da gungumen soso da ake mirginawa a kai, wanda ake kira rola. Mai tsawon santimita 90 da kaurin 15 ba ya buƙatar caji, ba ya lalacewa da wuri, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na bindiga ba. A wani gwaji da aka buga a 2015 daga Kanada, maza takwas sun yi tsugunne zagaye 10, kowane zagaye sau 10, da kashi 60 cikin 100 na iyakar nauyin da suke iya ɗagawa. Minti 20 na mirginawa nan take, da bayan awa 24, da bayan awa 48, ya rage musu zafin cinya idan an danna. Mutum takwas ba yawa ba ne, amma sakamakon ya yi daidai da na wasu gwaje-gwajen: sauƙi ɗan kaɗan, na gaske. Rola ta fi dacewa da cinya, mazaunai da saman baya. Matsalarta ita ce sai an kwanta ƙasa an tallafe jiki da hannuwa, wanda kuma ƙirjinsa da damatsansa suka yi tsami a lokaci guda zai sha wuya. A nan Prime ta yi mata zarra: ana zaune a kujera ake amfani da ita, tana kuma shiga ƙirji, damtse da gaban kafaɗa inda rola ba ta iyawa.

Akwai abin da ya fi damuna game da duk irin waɗannan na'urori a hannun sabon shiga, shi ne suna iya rufe alamar da ya kamata a saurara. Tsamin atisaye a cikin nama yake, a ɓangarorin biyu kusan daidai, yana jinkirin zuwa, yana raguwa idan jiki ya ɗumama. Rauni kuwa yakan zo nan take a tsakiyar ɗagawa, kamar an soka abu, a wuri ɗaya da za a iya nunawa da yatsa, ko a cikin gaɓa, wani lokaci da tabon jini a ƙarƙashin fata. Wannan ba a buga masa bindiga. Sai kuma mafi haɗari, wanda likitoci ke kira rabdomayolisis: tsoka ta farfashe da yawa har sinadarin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamominsa su ne fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, gaɓa ta kumbura sosai, zafi ya wuce misali, rashin ƙarfi ya hana ɗaga hannu ko ƙafa, fitsarin ma ya ragu. Yana kama sababbin shiga da waɗanda suka dawo bayan dogon hutu suka yi maimaici ɗaruruwa a rana ɗaya, musamman cikin zafi da ƙarancin ruwa. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar. A 2021 wata mujallar likitocin gashin ƙashi ta buga labarin wata matashiya da ta kamu da wannan ciwo bayan an yi mata amfani da bindigar tausa na tsawon lokaci a cinya bayan atisaye. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa a riƙe ƙa'idar minti biyu.

Abin da ke rage tsami fiye da kowace na'ura shi ne yadda aka tsara makonni biyun farko. Tsoka tana da saurin koyo: atisaye ɗaya mai sauƙi yana ba ta kariya daga irin wannan motsi na makonni, har ya zama zama na biyu da na uku ba sa ciwo kamar na farko ko da an ƙara nauyi. Ba sai an sha wuya ake samun wannan kariya ba. A makon farko a yi zagaye ɗaya ko biyu na kowane motsi, sau 8 zuwa 12, da nauyin da za a ajiye alhali ana jin za a iya ƙara uku ko huɗu. Kwana biyu ko uku a mako, da tazarar awa 48 kafin a koma kan tsoka ɗaya. A mako na biyu a ƙara zagaye ɗaya. Idan an wuce adadin da aka sa da ɗaya ko biyu cikin sauƙi, a ƙara nauyi da kashi 2 zuwa 10 cikin 100. A yi hattara da motsin da ke miƙe tsoka sosai ƙarƙashin nauyi: dogon taku ana durƙusawa, sunkuyawa da ƙarfe ƙafafu kusan a miƙe, buɗe hannuwa da dambel a kwance, da saukowa a hankali daga sandar rataya. Su ne suka fi sa tsami, zagaye ɗaya ya wadatar a karon farko. Yawan tsami kuma ba ma'aunin girman tsoka ba ne. Mutane da yawa suna ƙara ƙarfi wata bayan wata ba tare da jin komai ba sai ɗan nauyi.

Sauran dabarun da ake haɗawa da ita ba duka suke da amfani ba. Miƙe jiki kafin atisaye ko bayansa kusan ba ya rage tsami, an gwada an sake gwadawa. Shiga ruwan ƙanƙara yana rage zafi, amma bincike na 2015 ya nuna yin sa kullum bayan ɗaga ƙarfe yana rage girman tsoka da ƙarfin da ake samu. Ibuprofen ma haka: gwajin da aka yi a Suwidin ya nuna miligiram 1200 a kullum na mako takwas ya rage girman tsoka a matasa, ga shi kuma yana wahalar da ciki da ƙoda, abin da ya fi muni idan akwai rabdomayolisis a ɓoye. Tafiyar minti 15 zuwa 20 ko tuƙa keke a hankali tana ba da sauƙi irin na bindigar. Barcin awa 7 zuwa 9 da furotin kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato kamar giram 110 ga mai kilo 70, su ne kayan gyaran.

Prime ta dace da wanda ya riga ya ƙudura zai daɗe yana ɗaga ƙarfe, yana son abin da zai sassauta jiki kafin atisaye da daren ranar da tsami ya kama, kuma ba ya son kwanciya ƙasa. Mai siririn jiki ko wanda ba ya jure duka zai fi jin daɗin wadda bugunta bai kai wannan zurfi ba, kamar Theragun Mini mai milimita 12. Wanda yake makonsa na farko kuma tsamin cinya ne kawai ya kawo shi kasuwa, ya fara da rola ya jira mako uku, domin a lokacin yawancin zafin da ya sa shi neman na'urar ya tafi.

Ga mai ita a hannu, ga yadda zai san ko zai koma atisaye. Kada ya yanke hukunci nan da nan bayan ya buga, lokacin da zafin ya kwanta. Ya yi ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma, ya gwada motsin ba nauyi, sannan da rabin nauyin da ya saba. Idan zafin yana raguwa daga maimaici zuwa maimaici kuma yana kaiwa ƙasa sosai ba tare da karkata gefe ba, ya ci gaba da nauyi mai sauƙi. Idan yana ɗingishi, ko gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, ko zafin yana ƙaruwa, ya bar wannan tsokar kwana ɗaya ko biyu ya yi aiki da wata. Tsamin da ya wuce kwana bakwai bai ragu ba, a kai shi wurin likita.